Wuta Ta Kan Danga

Mijina malamin elemantare ne, ni ce kuma ajinsa na farko. Duk darasin da zai kai wa yara sai ya fara gwada shi a kaina, ina tsakar gida ina aikina, shi yana tsaye da hannuwa a baya yana zagaya ni. Allah Ya jiƙansa, mutum ne da zai tsaya yana bayyana maka dalilin da ya sa ruwa ke tafasa alhali tuwo na ƙonewa a gabansa. A zamanin Turawa ne. Shekarar da aka ɗaura mana aure a Birnin Kebbi aka tura shi koyarwa Argungu, muka tashi da bazara, ni a kan jaki, kayan ɗakina a kan wani jakin, shi yana tura kekensa saboda yashi. Mun yada zango a Ambursa, inda na sha ruwa na ƙarshe a hannun wanda ya san sunan ubana.

Gidan da aka ba mu yana gefen unguwar masunta, kusa da gulbi. Ɗaki biyu ne da zaure, sai dangar kara da ta fi ni tsawo, an ɗaure ta tsam, ko ɗan tsako ba zai ratsa ba. Ni 'yar gidan malamai ce, a gidanmu mace ba ta leƙa zaure balle titi, kuma ban zo Argungu don in sauya hali ba. Da safe malam ya hau keke ya tafi, sai bayan azahar. Daga nan duniyata ta zama abin da kunne ya jiyo mini da abin da hanci ya shaƙo. Bayan dangar gabas akwai babban gida na masu su. Ina jin matansu suna lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, suna tafi a tsakani. Ina jin dariyarsu, da faɗan da suke yi wa awaki, da wata murya mai ɗan kauri wadda ta fi sauran yawan tsokana. Hayaƙin bandar kifinsu kuwa ya shiga zannuwana har cikin adaka.

Kafin ruwan farko ya sauka na san ina da ciki. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, mahaifina ya bi ta kafin aurena. Gwaggon da ta riƙe ni kuma, da ta ga ta sauke nauyina, sai ta bi ayarin masu tafiya hajji a ƙasa, tafiyar da ake shekaru ba a dawo ba. To cikin fari ne, ba uwa, ba gwaggo, ba wadda zan tambaya ko wannan ciwon bayan na kowa ne ko nawa ne ni kaɗai. Abin da nake nema a Argungu bai fi guda ba: mace ɗaya da za ta san da ni kafin ranar da zan durƙusa.

Malam yana da abin alfahari guda biyu, kekensa da ashanarsa. A lokacin ba kowane gida ke da ashana ba. Mutane na rufe garwashi da toka ya kwana, wanda tasa ta mutu ya ɗebo a maƙwabta, maza kuma na yawo da ƙyastu a aljihu. Shi kuwa malam kwali-kwali yake sayowa a kanti ya jera su bisa taga. Ya ce mini kada in sake in wahalar da kaina da rufe wuta. In na gama girki in janye itacen in kashe. Wutar da aka bari a murhu, in ji shi, itace take ci a banza, zafinta na tafiya cikin iska ba wanda ya amfana. Na ga gaskiyarsa, na kuma ji daɗin abin, don a gidanmu ƙanana ake tasa da asuba su tona toka, ni ce kuma ƙarama.

A kan ashanar nan ya fara yi mini darasin abin da yaran yanzu ke karantawa da sunan makamashi. Shi ƙarfi yake ce masa. Ya ce duk abin da zai iya motsa wani abu, ko ya ɗumama shi, ko ya haskaka shi, to yana da ƙarfi, kuma ƙarfin nan shiga iri-iri yake yi. Ya ɗauki tsinke ɗaya ya nuna mini kansa. Ya ce a nan akwai ƙarfi a kwance, yana barci cikin maganin da aka shafa. Hannunsa da zai ja tsinken ƙarfin motsi ne. Gogar da za a yi ta mayar da motsin zafi, zafin ya tashi mai barci, shi kuma ya fito a matsayin haske da wani zafin da ya fi na farko. Sai ya ƙyasta, ya riƙe yana kallona yana jiran in yi mamaki, har ta ƙona masa yatsa. Na yi dariya ranar har da hawaye, shi kuma ya ce ai wannan ma hujja ce.

Ba mu daɗe da tarewa ba, wata safiya da ba makaranta, ina shara sai na ji an bubbuga danga ta gabas. Muryar nan ce mai kauri.

"Amarya, kin kwan lahiya? A ɗan sam muna wuta."

Murna ta kama ni. Na yar da tsintsiya na nufi murhu, na tarar da shi sanyi ƙalau, ko ɗumi babu, tunda ban ɗora komai ba tukuna. Na tsaya ina juye-juye. Malam yana ɗaki ya ji komai, sai ga shi ya fito da fara'arsa, ya ɗauko kwalin ashana sabo wanda ba a taɓa ba ya danƙa mini.

"Miƙa mata dut," ya ce a hankali. "Su huta da biɗaw wuta."

Na taka turmi na miƙa ta saman danga. Hannu ya taso daga can ɗauke da tsingaro, irin fasasshen kaskon da ake ɗibar garwashi da shi. Hannu ne baƙi siriri, da tsohon lalle a farce da ɓawon kifi manne a wuyansa. Na ɗora kwalin a kan tsingaron. Hannun ya ɗan tsaya a sama, sa'an nan ya sauka. Can sai na ji ta ce, to, sun gode. Na sauko daga turmi ina jin na yi abin kirki, malam kuma ya yini yana cewa haka ake zaman maƙwabtaka.

Washegari na ga kwalin a soke a kan tsinin karan danga, a rufe yadda na ba da shi. Malam ya juya shi ya buɗe, ya ga ba a zari ko tsinke ba. Ya ce wataƙila kunya suka ji, ko kuwa ba su saba da ita ba suna tsoron gobara. Ni ban ɗauke shi haka ba. Na taso ina jin tsofaffi na labarin yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin mutanenmu da Kabawa, mutanen Argungu, kafin zuwan Turawa, ana cewa har gobe ba su manta ba. Sai na ce a raina, ashe haka ne, ba su cin abin hannun 'yan Birnin Kebbi. Na ɗauke kwalina na mayar bisa taga. Ita ma ba ta sake bubbuga danga ba, ba kuma wata mace a unguwar da ta yi sallama a gidana.

Damina ta kankama. Gulbi ya cika ya malala cikin fadama, kwaɗi suka hana kunne sakat, dangar ta jiƙe ta yi baƙi. Ban taɓa sanin yini na da tsawo haka ba. In na gama shara da wanke-wanke sai in zauna a bakin ƙofa in ɗauko allona in yi tilawa, in na gaji in koma kan baƙaƙen boko da malam ke koya mini, in na gaji da su in kalli kaji. Akwai wata kaza mai wake-wake da na riƙa yi wa magana sosai, har nakan ba ta labarin gwaggo. Wani lokaci nakan yi tari da gangan kusa da danga don a san da mutum. Ana jin tarin, don luguden kan ɗan tsaya, sa'an nan ya ci gaba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, irin wanda ke sa mutum ya ƙosa da ƙarar numfashinsa.

Malam bai san zurfin abin ba. Yana dawowa da ƙurar alli a hannun riga da sabon darasi a baki. Ranar da ya same ni ina surfen shinkafa ya ce in ɗaga taɓarya in tsaya. Na ɗaga, na tsaya kamar gunki. Ya ce yanzu taɓaryar ba ta motsi, amma ba daidai take da wadda ke kwance a ƙasa ba, don tana riƙe da ƙarfin da na kashe wajen ɗaga ta, ajiya ce, kamar bakan da aka ja ba a saki ba. Ya ce in saki. Na saki ta faɗa cikin turmi. Ya ce ajiyar ta zama motsi. Na ce to yanzu ta tsaya, ina motsin ya tafi? Murna ta kama shi, ya ce tambayar da yake so yara su yi ke nan ba su yi. Ya sa na yi ta daka, sa'an nan ya ce in tura hannu cikin shinkafar. Na ji ta da ɗumi. Tun ina yarinya nake jin wannan ɗumi ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Ya ce wani kashi na motsin ya fasa ƙaiƙayi, wani ya zama zafi, wani kuma ya zama ƙarar da ke fita ta bi iska har gidan maƙwabta. Ni kuwa na ji haushin taɓaryar nan, ita tana shiga gidan da ni ban isa in shiga ba.

Wata rana kuma ya ɗauki zancen daga sama. Ya ce ƙarfin da ke hannuna daga tuwon jiya yake, tuwon daga shinkafa, shinkafar kuma ta tara shi ne daga hasken rana tana tsaye a fadama. Itacen murhu ma haka, rana ce bishiya ta sha shekara da shekaru ta adana, in an hura shi sai ya amayar da ita. Ruwan gulbin da ke tura kwalekwale rana ce ta ɗauke shi sama ya zama girgije ya zubo a tudu yake gangarowa. Har iskar da ke kaɗa danga ya ce aikin rana ce. Na ce Allah dai. Ya ce ai Allah ne Ya yi ranar, shi hanyar kawai yake nuna mini. Ya fito da tocilarsa ya kwance gindinta ya nuna mini duwatsun ciki, ya ce a nan ma ƙarfi ne a kwance, in an danna ya zama lantarki ya bi waya ya zama haske, ɗan'uwan walƙiyar da nake toshe wa kunne. Wannan ban yarda ba sai bayan shekaru.

Abin da ya fi nanatawa shi ne ƙarfi ba ya ɓata, ba a ƙirƙirarsa ba a kashe shi, shiga kawai yake sauyawa. Na tambaye shi, to zafin tuwon da na tuƙa da rana, wanda ya huce kafin ya dawo, yana ina? Ya ce yana nan, ya shiga tukunya, ya shiga bango, ya shiga iska, ya bazu ya yi siriri har ba mai iya tattaro shi ya dafa ko ƙwai. Zafi, in ji shi, kullum daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, ba ya komowa da kansa. Na daɗe ina juya wannan magana bayan ya fita sallar la'asar. Na ga haka kwanakina suke tafiya. Ina tashi da ƙuruciyata da surutuna da son wasana, kafin yamma duk sun bi bango da iska, ba wanda ya ji ɗuminsu.

Ciki ya tsufa. Malam ya yi niyyar mayar da ni Birnin Kebbi gidan yayana in haihu a can, amma ruwa ya cinye hanya, mota ta daina bi, masu zuwa ta Ambursa suna cewa jaki na nutsewa har ciki a laka. Ba mai ɗora mace mai tsohon ciki a wannan hanya. Muka ce sai ƙasa ta bushe, alhali mu biyun mun san ba zan kai ba. Ya ce zai nemo ungozoma, wannan ba wuya. Na ce ungozoma cibi za ta yanke ta tafi, wankan jego fa? Safe da yamma ne, ruwa mai tafasa a babbar tukunya, sai mace ta tsaya a kanki da ganye tana fyaɗa miki, ta dama miki kunun kanwa, ta karɓi jariri ki runtsa. Ya ce shi zai riƙa dafa ruwan kafin ya tafi makaranta. Ya ma fara tara itace, 'yan sirara da masu jakuna ke kawowa, irin wanda ke ci fuu ya mutu. Na dubi tarin na dube shi da farar rigarsa, na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya rasa inda zai sa kansa.

Da kaka ruwa ya fara janyewa. Na ji hayaniya ta ƙaru a gidan gabas, ana buga katako, ana jan kaya, ana kiran yara, na ɗauka gyaran jirage ne irin na kullum. Sai wata safiya na fito na ji unguwar wani iri. Ba lugude, ba dariya. Na ɗaga kai na ga sama fes a bisa danga, na kuma shaƙi iska na ji ƙanshin ƙasa kawai. Hayaƙin banda ya ɗauke. Na tsaya da buta a hannu ina tunanin rabon da in ga saman nan ba hayaƙi, na tarar ban taɓa gani ba tun ranar da na sauka daga kan jaki. Ko a safiyar da aka bubbuga mini danga yana tashi, na tuna sarai don sai da ya sa ni hawaye ina bisa turmi. Gidan da wutar banda ba ta mutuwa, me za su yi da wutata?

Na shiga na hura wuta na dama koko, na bar garwashin a murhu na rufe shi da toka kamar yadda ake yi a gidanmu, na zauna kusa da danga ko za a sake tambaya. Ba a tambaya ba, ranar da washegarinta. A safiya ta gaba, bayan malam ya fita, na tone tokar na ga garwashin ja. An hore mu a kan kada mu roƙi abin da muke da shi, don haka na ɗebo ruwa a moɗa na zuba masa har ya daina huci. Na nemi tsingaro a bayan ɗaki. Hawa turmi ya zama aiki a lokacin, sai da na dafa danga da hannu biyu. Na bubbuga, na yi sallama, na ce ko za a sam mini wuta.

Aka daɗe. Can na ji jan ƙafa da ƙwanƙwasar sanda, da wata murya wadda ban sani ba, ta tsohuwa.

"Wa ka magana?"

Na ce matar malam ce.

"Ashe kina da baki," in ji ta.

Ta koma, ta dawo, ta ce in sauko da hannuna ƙasa don ba ta iya miƙewa. Ta soka sandarta ta buɗa karan, ta turo mini garwashi biyu a kan busasshen kashin shanu. Ta kafar na ga fuskarta, duk tamoji, idanun sun yi fari da yana. Ita ce uwar maigidan. Na tambaye ta mai muryar nan da ta taɓa yi mini magana. Ta ce surukarta ce, matar ɗanta ƙarami, sun bi ruwa da jiragensu can ƙasa wajen kamun kifi, maza da mata da yara, haka suke yi duk shekara, sai damina ta dawo da su. Ita aka bari tsaron gida da wata jikarta.

Ban tambaye ta zancen ashana ba, ita ta ɗauko shi, tana zaune a ƙasa ta can ina durƙushe ta nan.

"Nan unguwag ga, in baƙuwa taz zo, mu ka hwara roƙonta wuta, don ta san ana bukatatta. Gobe ita ko ta roƙa. Shi ke nan an zama ɗaya. Ke ko kinka ba ta kwali guda, awa kin ce ga taku nan, kar a koma taɓa maki danga."

Na ce wallahi ban sani ba, murhuna ne ba wuta. Ta ce ai da na faɗi haka, da an miƙo mini, da zance ya ƙare tun ranar. Ta ce matan unguwa sun yi wa surukarta dariya har ta yi fushi, suna ce mata ta je gaida matar malam an sallame ta da kayan kanti. Duk da haka surukar ba ta daina kasa kunne ba. Ita ta fara cewa baƙuwar nan ciki gare ta, don dakanta ya sauya, tana yi tana hutawa. Ita ce kuma in na yi tari take tsayar da taɓarya, sauran su ce ta ci gaba, mai ashana ba ta neman kowa.

Sai tsohuwar ta ce in ƙara buɗa karan in duba hagu. Na duba. Jingine da dangarmu, ta gefensu, ga tarin itace ya kai ƙirjina, guma-guman kirya da marke, busassu, an jera su an rufe da tsohuwar tabarma saboda ruwa. Ba irin wanda ake banda da shi ba ne. Ta ce tun tsakiyar damina surukarta ke ware shi, in mijinta ya ƙetara da ita hayi ta dawo da gungume ɗaya ko biyu a cikin jirgi, ana yi mata tsiya tana yi.

"Tac ce in kin biɗi wuta in nuna maki iccen. In ba ki biɗa ba, in ƙona abina."

Garwashin da ta ba ni ya mutu a kan tsingaro ban kai shi murhu ba. Ina nan durƙushe har ƙafafuna suka yi tsami. Da malam ya dawo na gaya masa, ya je ya leƙa ta kafar ya daɗe yana kallo. Ranar bai yi mini darasi ba. Da la'asar ya ɗauko wuƙa ya yanke igiyar danga ya buɗe ƙofa daidai wucewar mutum ɗaya.

Ranar da naƙuda ta zo, da hantsi na haihu, mace. Tsohuwar ce ta riƙe ni, ita ta aika aka kira ungozoma, ita ta aika gidajen da ba su bi ruwa ba. Mata suka shigo ta zaure ɗaya bayan ɗaya, suna kallon ɗakina suna kallona, ba su da yawan magana da farko. Wata ta kawo babbar tukunya, wata ta ɗauki wankan safe, wata na yamma. Sun yi mini kirki, ban manta ba, har tsokana ta shiga tsakaninmu kafin a yi suna. Amma duk wadda ta yi sallama sai na kasa kunne ko zan ji murya mai kauri, ko da yake na san tana can inda ban san sunansa ba. Itacen kuwa ya yi abin da aka tara shi dominsa. Gungume ɗaya kan kai ruwan safe ya tafasa ya bar garwashin na yamma. Da shi na yi wanka har na gama, ban taɓa na malam ba.

Na yi ta shirya abin da zan ce wa surukar tsohuwa in ta dawo. Na ajiye mata turmin atamfa daga kayan aurena, na koyi yadda suke gaisuwa, na roƙi tsohuwa ta riƙa ba ni labarinta. Ta ce doguwa ce, tana da wushirya, ta yi ɓari sau biyu ba ta samu rayayye ba tukuna. Da zafi ya fara tsananta nakan tambayi malam ko ya ga hadari ta gabas in ya fito makaranta.

Kafin hadarin ya haɗu aka canja shi, aka ce ya koma wata makaranta a ƙasar Birnin Kebbi, kuma ba a ba mu lokaci ba. Gulbi na kwance a cikin yashi, ko jirgi ɗaya bai dawo ba. Ranar tafiya, an gama ɗaure kaya a kan jakuna, na bi ta ƙofar danga na sami tsohuwa a bakin ɗakinta. Na ba ta atamfar ta ajiye wa surukarta. Na ce me zan bari kuma, wane saƙo za ta faɗa mata? Ta ce atamfa ba ita za ta fara tambaya ba.

"Ɗiyar za ta tambaya, wa tab biyo. Ni ko ban gani. Kawo ta nan."

Na kwance goyon na ɗora mata a cinya. Ta sa tafin hannunta ta bi fuskar yarinyar a hankali, daga goshi zuwa gira, ta taɓa hanci, ta taɓa kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a haɓa. Sa'an nan ta ce in sunkuyo, ta bi tawa fuskar haka nan. Ta ce to, ta riƙe, za ta faɗa mata. Malam ya yi kira daga zaure cewa rana na yi, na karɓi 'yata na goya.